Tambaya da Amsa: Yaushe “row” take nufin jeri, yaushe take nufin taƙaddama?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ban daɗe da fara aikin fassara labarai a wani gidan rediyo ba, wani lokaci kuma nakan rubuta rahoto da Turanci. Kalmar *row* tana ruɗa ni. A makaranta an koya mana ita da ma'anar jeri, kamar jerin kujeru, amma sai nake ganin kanun labarai irin su *Row over budget deepens*, inda jeri ba ya shiga ko kaɗan. Sannan editana ya ja layi a ƙarƙashin jimloli biyu da na rubuta, *they made a quarrel* da *people were standing on a row to buy fuel*, bai yi mini bayani ba. Don Allah a fayyace mini kalmomin da suke tafiya tare idan ana maganar jeri da kuma faɗa.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Allah ya sa albarka a sabon aiki. Editanka ya yi daidai a duka wuraren biyu, kuma kurakuran tushensu ɗaya ne: jimlar Hausa ce a ƙasa, aka ɗora mata kalmomin Turanci a sama. Amma bari mu fara da ita kanta *row* ɗin.

Ba kalma ɗaya ba ce mai ma'ana biyu. Kalmomi ne daban-daban da rubutu ya haɗa su, furuci kuma ya raba. Ta jeri ana furta ta kusa da “ro”, a ja wasalin a rufe shi da ɗan “u”, tana amsa amo da *go* da *know*. Ta taƙaddama kuwa “rau” ce, daidai da yadda muke cewa “yau” ko “sau”, tana amsa amo da *now* da *cow*. Akwai ta uku, aikatau mai nufin tuƙa kwalekwale da filafili, ita ma “ro” ce. Ga mai aikin rediyo wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin mai karatu a takarda yana iya wucewa ba tare da ya furta ba, amma wanda ke gaban makirfo dole ya zaɓi ɗaya. Masu shirin WAEC da JAMB ma su kula, don irin waɗannan kalmomi, har da *bow* da *sow* da ke da furuci biyu-biyu, suna cikin abin da ake gwada ɗalibai da shi a ɓangaren furuci.

Bahaushe ya san irin wannan a harshensa. Rubuta “faɗa” ita kaɗai a takarda, ba mai sanin ko husuma ake nufi, ko faɗin magana, ko faɗawa rijiya, sai an ga abin da ke gabanta da abin da ke bayanta. To haka *row* take, maƙwabtanta ne ke tona asirinta. Masana harshe suna kiran wannan zaman tare na kalmomi *collocation*, kuma ba hankali ne ke tsara shi ba, sabo ne. Muna shan iska, muna shan wahala, muna cin kasuwa, amma ba ma cin iska. Baƙon da ya ce ya fita cin iska za mu gane shi, sai dai kunne zai ji bambaraƙwai. Abin da editanka ya ji ke nan.

Alamomin da za ka duba ba su da yawa. Idan *of* ta biyo baya tare da jam'in abubuwa, jeri ne: *a row of shops*, *a row of chairs*. Idan *front*, *back*, *middle* ko lambar matsayi ta gabace ta a maganar wurin zama, jeri ne. Idan kuwa *over*, *about*, *with* ko *between* ce ta biyo bayanta, kusan kullum taƙaddama ce. Ka lura da wurin da *between* take zama: *a row between the two governors* sa-in-sa ce tsakanin gwamnoni biyu, amma *between the rows* tsakanin layuka ne, kamar na shuka. Wuri mafi santsi shi ne *in a row*. Idan adadi ya gabace ta, a jere take nufi. Idan *with* ko *over* ta biyo ta, kamar *the minister is in a row with doctors*, ministan yana cikin taƙaddama ne da likitoci, ba jera shi aka yi da su ba.

Jeri, sahu da layi

Matsalarmu a nan kalmar “layi” ce. Mun aro ta daga Turanci, muka faɗaɗa ta har ta wuce inda masu ita suka tsayar da ita. Layin mai, layin waya, layin da gidanmu yake, layin rubutu, layin shuka, duk layi ne a wurinmu. Turanci ya rarraba su. Saboda haka kafin ka zaɓi kalma, ka tambayi kanka yadda mutanen suka tsaya. Kafaɗa da kafaɗa suke, duk suna fuskantar wuri ɗaya, kamar sahun sallah? Wannan *row* ce. Ko kuwa kowa yana kallon ƙeyar na gabansa, suna jiran a zo kansu? Wannan *queue* ce a Turancin Ingila, *line* a na Amurka.

Don haka masallata *stand in rows*, liman yana cewa a daidaita sahu, wato *straighten the rows*, sahun farko kuma *the front row* ko *the first row*. Masu jiran mai kuwa ba sa cikin *row* ko kaɗan. Jimlarka ta gyaru haka: *people were queuing for fuel*, ko *people were standing in a queue to buy fuel*. Ka ga kuskure biyu ne a cikinta, na suna da na ɗan harafin da ke gabansa, wato *on*. *On the queue* ta yaɗu ƙwarai a Turancin Najeriya, har a jaridu, amma a daidaitaccen Turancin Ingila *in the queue* ake cewa, kuma ita mai duba jarrabawa yake nema. Ba'amurke zai ce *stand in line* ko *wait in line*, ba tare da *a* ba.

Aikatau ɗin da ke tafiya da *queue* su ma sai an kiyaye, don a nan fassarar kai tsaye take kayar da mutane. Shiga layi ba *enter the line* ba ce, *join the queue* ce. Bin layi ba *follow the line* ba ce, wannan tana nufin bin wani zane da aka ja a ƙasa. Abin da ake cewa shi ne *queue up* ko *wait your turn*. Kafa layi *form a queue*. Wanda ya tsallake mutane ya kutsa gaba, a Ingila *he jumped the queue*, a Amurka *he cut in line*. A Najeriya za ka ji ana ihun *no shunting* a banki ko gidan mai. Kowa a nan ya gane ta, amma a wajen ƙasar nan *shunt* maganar karkatar da taragon jirgin ƙasa ce daga wannan dogo zuwa wancan, don haka kada ta shiga rahoton da zai fita waje. Zaɓen ƙato bayan ƙato, sunansa ma ya gaya maka tsayuwar, *queue voting* ne. Rubutun kalmar kuma haruffa biyar ne, q-u-e-u-e, ana furta ta “kiyu”, kuma daban take da *cue* mai nufin alamar da ake ba mai gabatarwa ya fara magana, wadda kai ma kake ji kullum a ɗakin watsa shiri.

Abubuwan da ba sa jiran komai, an dai jera su ne ko an gina su a jere, su ne ainihin gidan *row*: gidaje, shaguna, itatuwa, kujeru, haƙora, kaburbura, littattafai a kanta. Mota tana iya faɗawa kowane ɓangare. Motocin da aka ajiye gefe da gefe a wurin fakin *a row of parked cars* ne, waɗanda suka yi dogon layi a gidan mai *a queue of cars* ne, waɗanda ke tafiya tare a ayari kuma *a convoy*. A rubutun da aka tsanaki, aikatau yana bin *row* ne ba abubuwan da aka jera ba, don haka *a row of shops was demolished*, da *was*, ko da shagunan ashirin ne. Idan yawan ne kake son nunawa, sahu bayan sahu har ido ya gaji, sai ka ce *row upon row of tents*.

A wurin zama, *in* ce abokiyar tafiya: *in the front row*, *in the third row*. Tikitin jirgin sama mai lamba 14C yana nufin jeri na 14, kujera ta C. A kwamfuta, cikin Excel da makamantanta, *rows* su ne na kwance masu lamba 1, 2, 3, *columns* kuma su ne na tsaye masu haruffa A, B, C, shi ya sa ake kiran kowane gurbi da harafi sannan lamba, kamar B7. Wanda ya juya su a wajen koyar da wani zai sa a goge bayanan da ba su ake nufi ba.

Ga masu fassara shirin noma, akwai bambancin da ke da amfani. Kunyar da ake huɗawa *ridge* ce, kwarin da ke tsakanin kunya biyu *furrow*, layin shukar da ke kai kuma shi ne *row*. Idan malamin gona ya rubuta cewa a shuka masara *75 cm between rows and 25 cm within rows*, yana nufin tazarar santimita 75 daga wannan layi zuwa wancan, da santimita 25 daga wannan rami zuwa na gaba a cikin layi guda. Mai fassarar da ya musanya su ya ba manoma shawarar da za ta ɓata musu gona.

Sauran 'yan'uwan *row* ba sai an daɗe a kansu ba. Tafiya ɗaya bayan ɗaya a siririyar hanya *in single file* ce. Sojoji ko tankokin yaƙi da ke tafiya a dogon jeri *a column* ne. Jerin gwanon biki ko na jana'iza *procession*. Abubuwan da suka faru bi da bi, kamar hare-hare ko nasarori, *a string of* ko *a series of*. Layin unguwa kuwa *street* ne, wanda ya ce *I live on that line* Bature zai zaci a kan dogon jirgi yake kwana. Akwai kuma *death row*, sashen da ake tsare waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa. Ita da *on* take tafiya, ba ta ɗaukar *a* ko *the*, wato *he is on death row*, furucinta kuma “ro”.

Sai *in a row* mai nufin a jere a lokaci, wadda masu labarin wasanni ba sa rabuwa da ita. Gininta iri biyu ne, kuma cakuɗa su shi ne kuskuren da aka fi yi. Ko dai adadi da jam'i, ko lambar matsayi da tilo. Kano Pillars ta ci gasar Najeriya a 2012 da 2013 da 2014, sai a ce *three years in a row*, ko kuma game da 2014 a ce *for the third year in a row*. Ba a cewa *third years*, ba a cewa *three year*. Haka Masar da ta ɗauki kofin Afirka a 2006 da 2008 da 2010: *three times in a row* ne, amma ba *three years in a row* ba, tunda shekarun ba a jere suke ba, gasannin ne a jere. A rubutun hukuma *three consecutive years* ta fi dacewa, Amurkawa kuma suna son *three straight wins*. Ɗaya ta isa. Haɗa *consecutive* da *in a row* a jimla guda maimaici ne.

Faɗa, cacar baki da taƙaddama

A nan kalmar da ke jefa mu rami ita ce “yi”. Muna yin faɗa, muna yin gardama, muna yin rigima, sai hannu ya tafi ga *make* ko *do*. Turanci kuwa *have* yake amfani da ita: *have a row*, *have a quarrel*, *have an argument*, *have a fight*. Jimlarka ta farko sai ta koma *they had a quarrel*, ko a taƙaice *they quarrelled*, da l biyu a rubutun Ingila, ɗaya a na Amurka. Haɗarin *make* ya wuce rashin daɗin ji, don tana canja ma'ana. *Make an argument* daidai ce, amma tana nufin kawo hujja, irin yadda lauya ke yi a gaban alƙali. *Make a row*, wadda tsofaffin Turawan Ingila suka fi faɗa, tana nufin cika wuri da hayaniya. Ko ɗaya babu husuma tsakanin mutum biyu a ciki.

Bayan sunan, ƙananan kalmomi uku ne ke raba aiki. *With* tana kawo abokin faɗan, *about* ko *over* tana kawo abin da ake faɗa a kai, *between* tana kawo ɓangarorin biyu tare. *A row with the commissioner* shi kwamishinan ne ake sa-in-sa da shi. *A row over the commissioner* wasu ne ke jayayya a kansa, watakila a kan naɗa shi, shi kuwa mai yiwuwa bai ce uffan ba. Mai fassarar da bai lura ba zai sa mutum cikin rigimar da ba ya ciki, kuma irin wannan kan jawo wa gidan rediyo neman afuwa. 'Yan jarida sun fi son *over*, a hirar yau da kullum kuma *about* ta fi yawa.

Ita *row* ta “rau” ta Ingila ce. Ba'amurke da wuya ya faɗe ta, *fight* ko *argument* zai ce. Jaridun Ingila, da namu da suka gaji salonsu, suna ƙaunarta ne saboda haruffa uku kacal gare ta, tana shiga kanun labari inda *disagreement* ko *controversy* ba za su shiga ba. Shi ya sa za ka ga an manna mata suna a gaba ba tare da wani mahaɗi ba: *budget row*, *pay row*, *visa row*. Galibi na farkon shi ne abin da ake rigima a kai.

Tana da aikatau ɗinta da ke bin rayuwarta daga farko zuwa ƙarshe, kuma sanin su zai sauƙaƙa maka fassara ƙwarai. Wani abu ne ke haddasa ta, *spark*, *trigger* ko *provoke a row*. Sai ta ɓarke, *a row breaks out* ko *erupts*. Sai ta yi ƙamari, *deepens* ko *escalates*. Idan ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, *it rumbles on*. Idan ta lafa, *it dies down*, idan ta wuce da kanta ba tare da wani ya sasanta ba, *it blows over*, idan ta sake tashi, *it flares up again*. Wanda ya tsinci kansa a ciki *is embroiled in* ko *caught up in a row*, wanda ake rigimar saboda shi *is at the centre of a row*, wanda ke ƙoƙarin yayyafa ruwa kuma *tries to defuse the row*. Kanun da ka kawo ke nan: taƙaddama kan kasafin kuɗi na ƙara ƙamari.

Ina so ka riƙe wannan sosai, don ya shafi amanar aikinka: *row* ta baki ce. Ba a zubar da jini a cikinta. Kalmomin da suka dace da ita su ne taƙaddama, sa-in-sa, cacar baki, ce-ce-ku-ce, ka-ce-na-ce, wani lokaci dambarwa. Idan ka ce “rikici ya ɓarke” ko “an yi arangama”, mai sauraro a ƙauye zai ɗauka an fito da makamai, kuma a garin da zaman ɗar-ɗar ake yi, kalma ɗaya irin wannan tana iya sa a rufe kasuwa. Ko *clash* ma sai ka karanta cikin labarin kafin ka yanke. *Police clash with protesters* arangama ce ta gaske, amma *senators clash over bill* musayar yawu ce kawai a zauren majalisa. Idan hannu ya shiga, Turanci yana da kalmominsa: *scuffle* 'yar kokawa da ture-ture, *brawl* dambe na mutane da yawa, *come to blows* ba hammata iska. *Altercation* kuma yaren 'yan sanda da kotu ne, galibi tana nufin zazzafar musayar kalamai, shi ya sa idan an kai ga duka sukan ƙara *physical* a gabanta.

Tsakanin ƙasashe, *diplomatic row* ake cewa, mu kuma mukan ce tsamin dangantaka ko taƙaddamar diflomasiyya. Misalinta da aka sani shi ne abin da ya biyo bayan sace Alhaji Umaru Dikko, tsohon ministan sufuri na Najeriya, a Landan a watan Yulin 1984, lokacin da aka gano shi cikin akwati a filin jirgin saman Stansted. Birtaniya ta kori jami'an diflomasiyyar Najeriya, Najeriya ta rama. Amma batun Bakassi tsakanin Najeriya da Kamaru, wanda Kotun Duniya ta yanke hukunci a kansa a Oktoban 2002 aka kuma kammala miƙa yankin a 2008, ba kasafai ake kiransa *row* ba, an fi cewa *border dispute* ko *territorial dispute*. Bambancin shi ne *dispute* tana da haƙƙi ko mallaka a ciki, tana daɗewa, kuma yawanci tana ƙarewa ne a kotu ko a teburin sulhu. Rigimar gona ko fili *land dispute* ce. Jayayyar ma'aikata da mai ba su aiki, irin wadda ta sa ASUU ta yi yajin aikin wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoban 2022, *industrial dispute* ce ko *trade dispute*. Ƙarancin kuɗin da sauya fasalin naira ya jawo a farkon 2023 ya tara duka kalmomin a labari guda: *long queues* a bankuna, *a row* tsakanin wasu gwamnoni da Babban Banki, sannan da Kaduna da Kogi da Zamfara suka garzaya Kotun Ƙoli, abin ya zama *legal dispute*.

Siffofi su ne inda sabo ya fi nuna ƙarfinsa. Faɗa mai zafi ba *hot quarrel* ba ce, ba kuma *strong row* ba. Gardama, muhawara da musayar kalamai *heated* suke ɗauka: *a heated argument*, *a heated debate*, *a heated exchange*. Cacar bakin da aka ɗaga murya har maƙwabta suka ji *a blazing row* ce ko *a furious row*. *Blazing* ba ta tafiya da *dispute*, don *dispute* ba abin ihu ba ce, ita *long-running* da *bitter* take so. *Bitter* ce kaɗai za ka iya ɗorawa kusan ko'ina, a kan *row*, *quarrel*, *dispute* da *feud*, idan akwai ƙullaci a ciki. Ƙananan saɓani kuma suna da sunayensu: *tiff* na masoya, *squabble* na yara ko na manyan da ke rigima kan abin da bai taka kara ya karya ba, *bicker* kuma aikatau ne na 'yan tanka-tankar da ba ta ƙarewa.

Akwai wata “faɗa” tamu da ba ta cikin duk waɗannan, kuma ɗalibai da yawa suna faɗawa tarkonta. “Baba ya yi mini faɗa” ba husuma ba ce, tsawatarwa ce daga babba zuwa ƙarami. Turancinta *my father scolded me* ko *told me off*, a ofis kuma *reprimanded*. *He quarrelled me* ba jimla ba ce sam, domin *quarrel* ba ta ɗaukar karɓau, wato wanda aikin ya faɗa wa, kai tsaye, sai da *with*. Ko an sa *with* ɗin ma, *my father quarrelled with me* tana nuna kai ma ka mayar masa da magana, abin da ɗan kirki bai nufa ba. Neman faɗa ko tsokana *pick a quarrel* ne ko *pick a fight with*. Shi kuwa *I have no quarrel with that* ba ruwansa da husuma, ma'anarsa ba ni da ja a kan wannan.

Gaba ma haka. *Keeping malice* Turancin Najeriya ne. A waje, mutum biyu da suka ɓata *have fallen out*, idan ba sa ga maciji *they are not on speaking terms*, wanda ya riƙe wani a zuciya *bears a grudge* ko *holds a grudge*, gabar da ta daɗe tsakanin gidaje ko dangi kuma *a family feud*.

Wajen sulhu, rabon faɗa *break up a fight* ne. Mutane ake *separate*, ba faɗan ba, don haka *he separated the two men* daidai ce, *he separated the fight* kuwa ba daidai ba ce. Taƙaddama ana *settle* ko *resolve* ɗinta, *solve* kuma an fi ajiye ta ga *problem*. Abokai ko ma'aurata da suka shirya *made up* ko *patched things up*. Mai shiga tsakani *mediates*, idan ya kai su ga yarjejeniya *he brokered a deal*. Hattara da *settle* idan mutum ne ya biyo bayanta. *The district head settled the dispute* hakimi ya sasanta rigimar. Amma *he settled them*, a kunnen ɗan Najeriya, sallamar su ya yi da kuɗi, kuma rubuta haka game da wani basarake ko jami'i zargi ne.

Idan ka yi shakkar wani haɗi da ban kawo a nan ba, kada ka tsaya a ƙamus mai ba da ma'ana kawai. Nemi ƙamus na masu koyon Turanci, irin mai kawo cikakkun jimloli a ƙarƙashin kowace kalma, ka duba aikatau da siffa da ɗan harafin da suka zo tare da ita, ka kwafe jimlar gaba ɗaya a littafinka maimakon kalmar da fassararta. Kana kuma iya rubuta haɗin tsakanin alamun zance a Google, don ya nemo shi yadda ka rubuta shi daidai. Sai dai kada yawan sakamakon ya ruɗe ka, ka duba daga ina suka fito. Idan duk shafukan Najeriya ne, kamar yadda za ka gani da *on the queue* ko *keeping malice*, to haɗin namu ne na gida: ya wadatar a hira da shirin barkwanci, amma a rahoton da editanka zai duba, ɗauki wanda ka gani a jaridun ƙasashe daban-daban.